Sunan da Nico Ya Ba Da Aro

Batey La Ceibita
6 ga Fabrairu, 2002

Primo Evaristo,

Gaisuwa mai yawa daga gida, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Ni ce Dignora Ozoria, idan ba ka manta ba. Kakarka da kakata ciki ɗaya suka fito, komai nisan da ka yi. Adireshinka na samu wajen wani ɗan San Pedro da ya buga wasa a Meziko bara. Ya ce kai ne kocin masu jifan ƙwallo a ƙungiyarsu, ya kuma ce ka yi tumbi. Na ce masa madalla, ashe ƙwallon gora yana ciyar da wani.

Mu nan da sauƙi. An fara yankan rake, toka ta cika tsakar gida kamar kullum. Mahaifiyarka Tía Casilda tana cin abincinta, amma idon ya tafi gaba ɗaya, hankalin kuma yana zuwa yana komawa. Wata rana ta san kowa, wata rana ta tambaye ni ko an ɗora wa babanka kofi, mutumin da ya shekara goma sha biyar a ƙasa.

Ba ita ta sa na ɗauki biro ba. Ƙanena Nico ne ba lafiya. Tun Kirsimeti yake tari, muka ce ƙurar injin rake ce, sai da ya fara tofar da jini muka kai shi San Pedro. Likita ya ɗauki hoton ƙirjinsa, ya ja ni gefe, ya ce in kai shi gida in ba shi duk abin da ransa yake so. Bai faɗi wata nawa ba, amma ni ba yarinya ba ce.

To abin da ransa yake so yana hannunka. Bari in tuna maka, don na san waɗanda suka hau jirgi mantuwa gare su. A shekarar saba'in da tara, Ba'amurken nan mai farar hula da ke yawon neman 'yan wasa ya zo filin bayan injin, ya ga jifanka, ya ce bai ga hannu irin naka ba a duk gabashin ƙasar nan, amma ba ya ɗaukar wanda ya wuce sha bakwai. Kai kana da ashirin da ɗaya. Ƙanena Nico shi ne mai sha bakwai. Babanmu ya buɗe gwangwanin biskit ɗin da muke ajiye takardu, ya zaro takardar haihuwar Nico ya miƙa maka a kan teburin cin abinci. Ba wanda ya tambayi Nico, kuma da an tambaye shi da ya bayar har da rigar jikinsa. Ka tafi Amurka kana Nicanor Ozoria. Da injin ya ce sai da katin ɗan ƙasa za a ɗauki mutum aiki, Nico ya karɓi taka takardar wajen Tía Casilda, ya zama Evaristo Payano. Kowa ya ce mene ne a ciki, a nan wa ke kiran mutum da sunan takarda?

Shekara ashirin da uku ke nan. Da sunanka ya yi aiki, da sunanka yake jefa ƙuri'a, da sunanka yake ɗebo wa uwarka ruwa yana kai ta asibiti, har ita ma yanzu Evaristo take ce masa, kuma yana amsawa.

Abu ɗaya yake so. A maƙabarta akwai Mama, akwai Baba, duka an rubuta Ozoria a kan gicciyensu, kuma akwai wuri ɗaya a gefe. Ya ce ba zai kwanta kusa da uwarsa da sunan wani ba, kamar baƙon da aka rasa inda za a sa. Sau uku ina zuwa ofishin rajista. Matar da ke wurin ta ce Nicanor Ozoria yana raye, yana da fasfo, ba a raba suna ɗaya ga mutum biyu. Sai dai in mai riƙe da shi ya je gaban hukuma ya rantse cewa ba nasa ba ne.

Aro ka karɓa, primo, mai shi kuma yana nema. Ka gaida iyali.

'Yar'uwarka,
Dignora

*

Meziko
11 ga Maris, 2002

Prima Dignora,

Na ga takardarki, na gode da gaisuwa. Ina lafiya, matata Socorro tana lafiya, 'yarmu Maribel ta shiga sakandare. Gwiwar hannuna ta dama ce kawai ke damuna in an yi sanyi. Ba ta miƙewa tun aikin da aka yi mata, da hagu nake taje kai. Ki riƙe mini hannun Mamá ki ce ina gaishe ta. Maganar tumbi kuwa ƙarya yake yi, haushi yake ji don na zaunar da shi a benci.

Labarin Nico ya kashe mini jiki. A bakin fili na karanta, har masu jifa suka gama ɗumama hannu ban ga ko ɗaya ba. Ba ranar da ba na tuna shi.

Amma ke ma ki saurare ni. Kin rubuta kamar riga na ara, in cire in ninke in mayar. Ranar da babanku ya miƙo mini takardar nan, me ke cikinta? Tawada da hatimi. Ni na ɗauke ta na shiga bas a ƙasar da ban san yarensu ba, na yi wata uku ina cin soyayyar kaza safe da yamma don ita kaɗai na iya nunawa da yatsa. Shekara tara ina yawo a ƙananan ƙungiyoyi, a garuruwan da sanyi ke sa ka daina jin ƙwallo a hannunka. Sai a Satumbar tamanin da takwas aka kira ni Babbar Gasa. Kwana goma sha tara na yi, wasa huɗu. Ranar farko na taka tudun jifa, lasifika ta ce Nicanor Ozoria a gaban mutum dubu arba'in, na kori mai bugu na farko da jifa uku. Bayan shekara biyu gwiwar ta tsinke. Na ja ta a haka zuwa Taiwan, na ja ta zuwa nan, har ta ƙi ɗagowa. Duk abin da hannun nan ya yi a duniya a ƙarƙashin sunan nan aka rubuta shi. In na cire shi, ban taɓa jifa ba.

Ga kuma halin da ake ciki. Bana Amurkawa sun fara tona takardun kowa. 'Yan wasanmu da yawa sun kwana suna da ashirin da biyar sun tashi suna da ashirin da takwas, ana ta yi musu dariya a jarida. Waɗannan masu ƙarya a shekaru ke nan. Wanda aka kama da sunan wani, an rufe masa ƙofa har abada. Ni kuwa an yi mini alkawarin aikin koci a Amurka baɗi, abin da na shekara bakwai ina jira. Socorro ba ta sani ba. Maribel, Ozoria take rubutawa a littafin makaranta. In ce mata me?

Me zai hana, in lokacin ya yi, Allah ya nisanta shi, ku sa magini ya rubuta abin da kuke so a kan gicciyen? Wa zai je La Ceibita ya duba?

Ku ba ni zuwa ƙarshen kakar wasa, watan Agusta, in ga yadda za a yi. Ban ce a'a ba. Ban kuma ce e ba, don ba na son in yi wa mara lafiya ƙarya.

Naki,
Nicanor

*

La Ceibita
2 ga Afrilu, 2002

Evaristo,

Gaisuwa, don an koya mini in fara da ita. Tía Casilda tana lafiya. Nico ya rage cin abinci, dakakkiyar ayaba cokali uku yake yi ya ture kwanon. Ni kuma jinina ya hau tun ranar da takardarka ta iso.

Kai ba ka son yi wa mara lafiya ƙarya. To ni na yi, kuma kai ka sa ni. Da la'asar ɗan acaba ya kawo wasiƙar daga gari, Nico yana kan kujerarsa mai lilo a ƙofar gida. Ya hango kan sarkin Meziko tun daga nesa, ya ce in karanta da ƙarfi. Na karanta gaisuwa, na karanta kazarka, ya yi dariya har tari ya shaƙe shi. Da na zo kan mutum dubu arba'in, ya ce ai shi ya riga ka ji, yana tsaye a shagon Don Tulio kunnensa manne da rediyo, aka ambaci sunansa daga Amurka, ya sayi lemo ya raba wa kowa. Sai na iso inda ka kawo maganar magini da Agusta. Na ɗaga kai na ga yadda yake kallon bakina. Bakin nan nawa ya karanta abin da ba ka rubuta ba: «Ku gaya wa Nico ina nan zuwa kafin Agusta, in mayar masa da sunansa a gaban alƙali.»

Ya ce in ba shi ya gani. Na miƙa masa, babban yatsana a kan ƙasan takardar, don ko a wasiƙar da aka roƙe ka sunan, da shi ka sa hannu. Ban san ko rashin kunya ba ne ko sabo. Sa'arka ɗaya, idonsa ba ya ɗaukar ƙananan rubutu yanzu.

Ka san abin da ya yi washegari? Ya aike ni in sayo masa littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Ya ce alƙali zai sa shi ya sa hannu, shi kuma hannunsa Evaristo Payano kaɗai ya iya, ba ya son ya ji kunya. Kullum da hantsi yana cika shafi, Nicanor Ozoria, Nicanor Ozoria, yana tambayata ko harafin farko ya tsaya daidai. Duk Lahadi sai ya yi aski ya sa farar riga, ya ce bas ɗin San Pedro ranar Lahadi ya fi kawo baƙi.

Maganar magini, ka riƙe ta. Mai gadin maƙabarta daga takardar mutuwa yake kwafa, takardar mutuwa kuma daga katin ɗan ƙasa. Ko da ba haka ba, na taɓa gwada Nico da wannan shawarar tun kafin in rubuta maka. Ya ce shi ba ɓarawo ba ne da zai saci sunansa a ɓoye, da hatimi aka karɓa, da hatimi yake so a mayar.

Ka lissafa mini abin da gwiwarka ta sha. Wa ya durƙusa yana cafe maka jifa shekara biyar a filin bayan injin, da safar hannu ta kwalin madara, kafin wani Ba'amurke ya san da kai? Yatsunsa biyu na hagu har yau a karkace suke, ba su taɓa shiga jarida ba. Shekararsa arba'in, takarda ta ce arba'in da huɗu. Har shekarunka huɗu ya ɗaukar maka.

Ba shi da Agusta, Evaristo. Ka zo ka mayar da ƙaryata gaskiya.

Dignora

*

La Ceibita
9 ga Yuni, 2002

Evaristo,

Ina gaisuwa. Uwarka tana nan. Nico ya daina fitowa ƙofar gida, mun jawo gadonsa kusa da taga don ya riƙa ganin hanya.

Wata biyu da mako ɗaya ba amsa. Na iya karatu, na karanta shirun naka sarai. Ka ci aikinka na Amurka lafiya.

Jiya na kasa daurewa na zage ka a gabansa. Ya ce in bari. Ya ce ni ban san wasa ba, mai jifa ba ya sauka daga tudu don ransa, ko ana dukansa ta ko'ina, tsayawa yake yi sai an tako an karɓi ƙwallon daga hannunsa. Haka aka koya maka, ba mugunta ba ce. Ka ji mutumin da kake bari ya mutu da sunan wani, shi ke kare ka.

Yanzu biron ma faɗuwa yake daga hannunsa, sai na riƙe masa littafin. Na gaji, primo. Ban taɓa jin na tsani mutum ba sai kai, kuma ina jin kunyar hakan a coci. Wannan ce ta ƙarshe da zan rubuta maka.

Dignora

*

Meziko
19 ga Yuni, 2002

Prima Dignora,

Ina gaishe ki, ina gaida Mamá, ina gaida Nico fiye da kowa. Jikina lafiya, ko da yake kwana biyu ban ci abin kirki ba.

Ba zan ɗora wa gidan waya laifi ba. Takardarki ta Afrilu ta same ni tun farkon Mayu, muna dawowa daga tafiyar wasa. Na karanta sau ɗaya, na cusa ta a jakar kayan wasa ƙarƙashin takalma, na yi mako shida ina yawo da ita gari gari. Sau nawa na ɗauki biro na ajiye. Tsoro ne, prima, ba wani abu ba. Ta Yuni kuma ranar Asabar ta iso.

Ranar Lahadi muna wasa da rana. Alƙalin wasa ya kori manajanmu don ya yi masa tsawa, ragamar ta dawo hannuna. Wanda ke kan tudu wani dattijon mai jifa ne, Macario, ya kusa arba'in, hannunsa ya ƙare tun bara, kowa ya sani ban da shi. Ana ta dukansa, ƙwallo na fita fili ɗaya bayan ɗaya. Na taka na je. Ya ɓoye ƙwallon a bayansa kamar ƙaramin yaro, ya ce: «Koci, mutum ɗaya kawai. Bar mini mutum ɗaya.» Na miƙa hannu, sai na ji abin da na rubuta miki a Maris yana fitowa daga bakinsa, ku ba ni zuwa Agusta. Maganar Nico ta faɗo mini a ka. Gaskiya ya faɗa, haka aka koya mana. Abin da bai faɗa ba shi ne, ke kin riga kin tako tun Fabrairu kin miƙo hannu, ni na ɓoye a baya.

Jiya Talata na hau bas na je ofishin jakadancinmu. Na ɗaga hannun hagu don na dama ba ya ɗagowa, na rantse cewa ni ba Nicanor Ozoria ba ne, ni Evaristo Payano ne ɗan Casilda, an haife ni a hamsin da takwas. Sun rubuta, sun buga hatimi, sun karɓe fasfon, za su ba ni takardar komawa gida. Kwafi ɗaya yana aljihuna. Yau da safe na gaya wa shugaban ƙungiya, ya ce in kwashe kayana kafin 'yan wasa su iso. Aikin Amurka ya tafi. Socorro ta saurare ni har ƙarshe, ta tambaye ni to da wa ta yi aure, ta ɗauki Maribel suka tafi gidan iyayenta. Maribel ba ta kalle ni ba.

Ban rubuta wannan don ki tausaya mini ba. Na rubuta ne don ki karanta wa Nico, kuma wannan karon ki karanta daidai yadda yake, ba sai kin rufe komai da yatsa ba. Nico, sunanka ya dawo, da hatimi. Ka ci gaba da gwada hannu. Zan sauka Santo Domingo ranar goma ga Yuli, a gidan haya na Doña Herminia kusa da tashar bas. Adireshin yana bayan takardar nan. Daga nan sai ofishin rajista, sai gida. Zan zo ranar Lahadi, ka yi aski.

Shekara ashirin da uku ban rubuta wannan sunan ba.

Ɗan'uwanku,
Evaristo Payano

*

La Ceibita
3 ga Yuli, 2002

Primo,

Na aika wannan gidan Doña Herminia don ta riga ka isa. Da fatan ka sauka lafiya. Ni ina nan. Ka samu wuri ka zauna kafin ka ci gaba.

Nico ya rasu ranar Lahadi, ashirin da uku ga Yuni, da hantsi. Ni na yi masa askin, don ya nace. Ya sa farar rigar, ya ce in ɗaga labule. Bas ya tsaya, mata biyu suka sauko da buhun gawayi, bas ya wuce. Ya ci gaba da kallon hanya. Na shiga ɗora kofi, kafin in fito ya tafi.

Takardarka jiya ta iso, da yamma, muna kwashe kujerun addu'ar kwana tara. Na zauna a kan bokiti na karanta, na ƙirga da yatsa. Talata ka rantse, Lahadi ya mutu. Kwana biyar sunansa yana nasa, da hatimi, bai sani ba. Akwai waya a shagon Don Tulio, Evaristo, ka san lambar, ita ce dai ta da. Daga shagon zuwa tagar Nico taku arba'in ne. Me ya sa ba ka buga ba?

An yi komai yadda na gaya maka za a yi. Likita ya duba katin ɗan ƙasa ya rubuta. Mai gadin maƙabarta ya duba takardar likita ya karanta wa magini. Na roƙe su, na yi kuka, na ce duk garin nan ya san wane ne wannan. Mai gadin ya ce shi ma ya sani, tare suka yi makaranta, amma aikinsa ne zai tafi. Magini ya ɗauki ƙusa ya rubuta a kan ɗanyen siminti, Evaristo Payano, 1958 zuwa 2002, a gefen Mama. Kafin magariba ya bushe.

Sauran ban san yadda zan gaya maka ba. Mun kai Tía Casilda coci jiya. Da Fada ya ce a yi wa ran Evaristo Payano addu'a, ta miƙe tsaye ta kurma ihu, ɗana, ɗana, mutum uku suka riƙe ta. Na yi ta gaya mata a kunne cewa Nico ne, ɗanta yana Meziko. Ta ture ni. Ta ce ta san wanda ke kawo mata ruwa.

Littafin na sa masa a aljihun riga, shafi talatin da ɗaya ya cika. Na yage na ƙarshe, ga shi a ciki, ka ga yadda hannun ya koma. Na ce maka na tsane ka. Yanzu ko wannan ba ni da ƙarfinsa. Zan tafi wajen 'yata a La Romana na ɗan lokaci, ba na iya kallon tagar nan. Maƙwabciyarmu Eduviges za ta kula da uwarka.

Dignora

*

Santo Domingo
12 ga Agusta, 2002

Prima Dignora,

Ina gaishe ki da 'yarki da jikoki. Eduviges ce ta ba ni adireshin. Ina nan gidan Doña Herminia, lafiyar jiki da sauƙi.

Kin tambaye ni maganar waya. Na tsaya a gaban akwatin waya ranar Talatar da kwafin rantsuwa a hannuna, na danna rabin lambar. Sai na tuna Don Tulio, yadda yake maimaita duk abin da aka faɗa masa da ƙarfi don masu wasan domino a shagon su ji. Na ce wannan maganar ba za ta bi ta bakin mai shago ba, da hannuna zan rubuta, Nico ya riƙe ta ya ga sunana na gaskiya a ƙasa. Na so abin ya yi kyau, prima. Shi ne duka dalilin, ba ni da wani.

Wata guda ina zirga-zirga a ofishin rajista. Na ce musu na zo a mayar wa mamaci sunansa. Suka ce Nicanor Ozoria an dakatar da shi tun da na rantse, sai kotu ta bincika, shekara biyu ko uku. Na ce to ni a ba ni nawa. Mutumin ya duba littafi ya juyo mini da shi: Evaristo Payano ya rasu ranar ashirin da uku ga Yuni, ga sa hannun likita. Na nuna masa shafin da kika aiko. Ya daɗe yana kallonsa, ya ce kyakkyawan rubutu ne, ya mayar mini. Wani tsohon abokin wasa ya so ya ba ni aikin koyar da jifa a filinsa, ya ce in kawo kati kawai. Ban koma ba.

Ranar Lahadin da ta wuce na je gida. Na fara zuwa maƙabarta. Maginin ya iya aikinsa, haruffan sun zauna daidai. Na yi niyyar in karanta wa Nico takardar rantsuwar da ƙarfi, na fito da ita, na mayar aljihu. Na bar masa ƙwallon da na kori mutumin farko da shi a Babbar Gasa, wanda aka rubuta Nicanor Ozoria a jikinsa da biro. Ko yara sun ɗauke, ba komai, wasa za su yi da shi.

Daga nan na je wurin Mamá. Tana zaune a bakin gado, Eduviges ta gama ba ta shinkafa da wake. Ta ji takuna ta ce wa ke nan. Na durƙusa na ce: «Ni ne, Mamá. Evaristo.»

Ta ce: «Kada ka yi mini wasa da mamaci. Evaristo na binne shi.»

Ta laluba fuskata, ta sauko kafaɗa, ta kama gwiwar hannun nan da ba ta miƙewa, ta bi tabon ɗinkin da yatsa. Sai fuskarta ta saki. Ta ce: «Ah, kai ne mai ƙwallo, ɗan gidan Ozoria. Na ji sunanka a rediyo. Nicanor, ka zo yi mini ta'aziyya? Allah ya yi maka albarka. Ɗana yana yawan maganarka.»

Eduviges ta juya ta fuskanci bango. Ina da takarda mai hatimi a aljihu da ta ce ni ba shi ba ne, na ba da komai nawa don in same ta. Mamá tana riƙe da hannuna tana jira. Ta sake cewa, Nicanor?

Na ce na'am.

Tulun ruwanta ba komai a ciki, na ɗauka na je famfo na cika mata. Gobe zan bar gidan Doña Herminia in koma can, in kin yarda in kwana a ɗakin Nico. Ki gaya mini inda kika ajiye makullin.

Ɗan'uwanki